Zumuntar Laraba a Rumfar Dashe

Iveren ba ta taɓa neman shugabancin komai ba. Aikinta buga tafireta ne a wani ƙaramin ofishin gandun daji da ke bakin garin Lafiya, kan hanyar Agyaragu, inda ake renon itatuwan dashe a raba wa manoma idan damina ta sauka. Teburinta yana jikin taga. Daga nan tana hango layukan baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, kowace da ɗan tsironta: kashu, malaina, gwaiba, lemu. Sau da yawa takan tsaya a tsakiyar layin da take bugawa, yatsunta a kan haruffa, idonta a waje. Sai ta ga tsiron nan sun miƙe sun zama daji, inuwarsu ta rufe ofishin har rana ba ta samun hanyar shiga, ita kuma tana tafiya a ƙarƙashinsu ba takalmi. Kukan jirgin ƙasa daga tasha ne yakan dawo da ita.

Zumuntar ma'aikata Kirista ta ofishin wata akawu ce ta fara ta, Sewuese, 'yar Tibi kamar Iveren. Ita ta je ta roƙi shugaban ofishin, Malam Ari, ya ba su rumfar da ake ajiye iri, ranar Laraba, lokacin da Musulmi suke tafiya sallar azahar. A ƙarshen 1983 Sewuese ta yi aure ta koma Makurɗi. Ranar da za ta tafi ta ajiye makullin rumfar a kan tafiretar Iveren.

"Ni ban iya magana a gaban mutane ba," in ji Iveren.

"Ba magana na ba ki ba, makulli ne. Ki buɗe musu kawai, ki share benci."

Haka ta fara. Su takwas ne, kusan kowa da cocinsa da yarensa, Hausa ce ta haɗa su. Sukan yi waƙa ɗaya, a karanta 'yan ayoyi, kowa ya faɗi abin da yake so a yi masa addu'a a kai, a tashi kafin ƙarfe biyu. Rumfar tana ƙanshin buhun iri da busasshiyar ƙasa. Rana takan shigo ta hudojin kwano ta zauna a kan gwiwoyinsu ɗigo-ɗigo, Iveren kuwa wani lokaci tana bin ɗigon nan da ido har ta manta ita ce za ta rufe taro.

Babba a cikinsu shi ne Baba Akolo, ɗan ƙabilar Eggon, wanda ya yi shekara goma sha tara yana ba dashen ruwa. Shi ne kuma ya iya auren lemu da mangwaro, ya yanka reshe ya haɗa da wani ya ɗaure, su kama su zama ɗaya. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa a wurinsa "kai" ne. Idan yana addu'a sai an kasa kunne, don kamar da aljihun rigarsa yake magana.

Ugondo direban tarakta kuwa murya gare shi. A watan Fabrairu ya fara zuwa wani sabon coci a cikin gari, ya dawo da wata irin addu'a mai tafi da tsalle. Wata Laraba ya zo da ƙaramar ganga a ƙarƙashin hammata. Samari uku na cikin zumuntar suka ji daɗi, rumfa ta ɗauki zafi, har Iveren ma ta sami kanta tana buga ƙafa. Baba Akolo kuwa bai tashi daga benci ba, hularsa a kan gwiwa.

Washegari Malam Ari ya aika a kira ta. Dogo ne siriri mai magana a hankali, daga tsofaffin gidajen cikin gari, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Iveren, ni na ba ku rumfar nan, ban yi nadama ba. Amma jiya muna cikin salla, mai jan mu sai da ya rikice a karatu. Tsakaninmu da ku katanga ɗaya ce."

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Zan yi musu magana."

Ta kwana shida tana shirya maganar. Ranar Laraba ta faɗe ta cikin numfashi ɗaya, idonta a ƙasa. Ugondo ya ajiye gangar.

"Sista, wato Ubangiji ma sai ya nemi izinin Oga kafin a yabe shi?"

"Ba haka ba ne, Buroda. Maƙwabta ne."

Baba Akolo ya ɗago kai. "Allah ba kurma ba ne, yarona. Kai dai kana son jin muryarka."

Da Iveren ce ta faɗi wannan, da wataƙila ya wuce. Amma daga bakin dattijon ya fito, a gaban samari. Ugondo ya ɗauki gangarsa ya fita, ukun nan suka bi shi. Daga ranar zumunta ta rabu biyu. Su Ugondo suna taruwa can ƙarshen fili, bayan tirelar tarakta, inda ba wanda za su dama. Su Iveren huɗu suka rage a rumfa. Idan iska ta juyo takan kawo musu amon gangar, siriri, kamar daga wani gari. Iveren takan saurare shi, ba ta kuma san abin da za ta yi ba.

A tsakiyar Maris, zafi ya kai inda kwano yake ƙara shi kaɗai da tsakar rana, Baba Akolo ya daina zuwa aiki. Kwana uku ba a gan shi ba. Bayan an tashi Iveren ta hau kekenta ta nemi ɗakin da yake haya a bayan kasuwa. Ta same shi a tabarma a bakin ƙofa, ƙafarsa ta dama ta kumbura kamar turmi. Kurkunu ne. Ruwan tafkin ƙauyensu da ya sha bara shi ya kawo masa. Tsutsar ta fara leƙowa ta idon sawu, fara, siririya kamar zare, ya naɗe kanta a jikin tsinke.

"Kullum kaɗan-kaɗan ake ja," ya ce. "Idan ta tsinke a ciki, an shiga uku. Wata ɗaya, ko biyu."

"Kana cin abinci, Baba?"

"Matar mai gida tana ba ni. Kai, 'yata, wa yake ba lemuna ruwa?"

Ba ta sani ba. Da ta koma da safe ta duba. Leburan da aka ce ya riƙe wurin yana watsa ruwa sau ɗaya da sassafe ya tafi wani aikin. Lemun aure ɗari huɗu da Baba Akolo ya haɗa da hannunsa sun fara sunkuyar da kai, ganyen wasu ya naɗe.

Wannan Larabar ta buɗe rumfa, suka yi waƙa su uku, sannan ta rufe Littafin da ke cinyarta.

"Yau addu'ar a tafe za mu yi ta," ta ce. "Kowa ya ɗauki bokiti."

Sabuwa mai kula da sito, wadda ta dawo daga salla kenan, ta ba su bokitai da garwa biyu ba tare da tambaya ba. Rijiyar ofishin ta ja baya, ruwanta na safe kaɗai take iya bayarwa, don haka sai rafi, tafiyar minti goma. Suka yi sawu huɗu kafin lokaci ya ƙare. Ko rabin lemun bai samu ba. Kashegari suka sake, da jibi, ba a jira Laraba ba. Iveren takan dawo kan tafireta haruffa suna ninkuwa a idonta. Wata rana ta buga wasiƙa guda ta cire, sai ta ga ta manta ba ta sa takardar kabon ba.

A kwana na biyar ta tsaya a bakin rafi da garwa a ka, ta ga ba za su iya ba. Ta sauke garwar. Ta nufi ƙarshen fili inda Ugondo yake kwance ƙarƙashin tarakta yana ɗaure wani abu.

"Buroda Ugondo."

Ya turo kansa waje, fuskarsa duk baƙin mai. "Sista. An sake kawo ƙarata ne?"

"A'a. Tankin nan na bayan gareji, yana yoyo?"

"Ba ya yoyo."

"Sawu nawa zai yi ya shayar da lambun Baba Akolo?"

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Ɗaya. Shi ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba. Yana kwance, tsutsa tana fita a ƙafarsa. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne wa yake ba lemunsa ruwa."

"Ya ce ina son jin muryata."

"Ya faɗa. Ni ma ina son jinta. Rumfar ta yi shiru da yawa."

Ya koma ƙarƙashin tarakta. Ta juya ta tafi tana jin ta ɓata tafiyarta. Amma washegari da rana ta take tsaka, tana zaune a teburinta, ta ji ƙarar inji ta taga. Tarakta ce ta fito daga wajen rafi tana jan tanki, ruwa yana fantsama ta bakinsa yana walƙiya, samari uku suna tafe a bayanta da bokitai. Ugondo ya riga ya je wurin Malam Ari ya nemi izinin mai. Iveren ta tashi ta fita ko takardar da ke cikin tafireta ba ta cire ba.

Makonni uku suka yi haka. Su bakwai, wani lokaci da Sabuwa ta takwas, suna jere tsakanin layukan ledoji, bokiti yana wucewa daga hannu zuwa hannu. Ugondo yakan ɗauko waƙa ƙasa-ƙasa, ba ganga, sauran su karɓa. Wanda yake da abin addu'a sai ya faɗa wa na kusa da shi yayin miƙa bokiti, maganar ta bi layi har ƙarshe. Ƙasar da ta sha ruwa takan tada wani ƙanshi da tururi, ta cikinsa Iveren takan ga fuskokinsu suna rawa kamar a cikin madubin ruwa. Akwai ranakun da ba ta iya cewa ko minti goma suka yi a wurin ko yini guda. Lemun suka ɗago. Wasu ma suka fitar da sabon toho, kore mai haske kamar an shafa masa mai.

A farkon Afrilu Malam Ari ya miƙo mata wata takarda da ya rubuta da hannunsa, ya ce ta buga kwafi uku, kada kowa ya gani. Shekarar rage ma'aikata ce, kowane ofishi an ce ya ba da sunaye. Nasu mutum uku aka nema. Suna na biyu shi ne Akolo, a gabansa an rubuta shekaru da rashin lafiya.

Ta sa takarda da kabon ta buga kan wasiƙar. Ta buga suna na farko. Sannan ta tsaya. Ta san Malam Ari ba ya sake karanta abin da ta buga, sa hannu kawai yake yi, don shekara shida bai taɓa kama ta da kuskure ba. Tana iya tsallake layin. A babban ofis na Jos wa zai lura da wuri? Kafin a gano, damina ta sauka, ƙafar ta warke. Ta zauna tana kallon farar takardar, har ta fara ganin Baba Akolo a cikinta yana tafiya tsakanin ledoji da wuƙarsa ta aure. Fanka tana juyawa a sama. Ta ɗauki takardar hannun ta shiga ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, na kusa tsallake sunan nan ban faɗa maka ba."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Amma ba ki yi ba."

"Lemunsa suna raye. Ka gani da idonka."

"Na gani. Ina ganinku kullum ta wannan tagar." Ya nuna mata kujera, ta zauna. "Iveren, uku aka ce. Idan na cire shi sai na sa wani. Abokin aikinsa Lawal yana da 'ya'ya bakwai, ƙaramin bai fara tafiya ba. Ko ɗaya daga cikin yaran da suke ɗaukar muku bokiti. Faɗa mini wanda zan sa, in rubuta yanzu."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta, kowa ta san abin da ya roƙa a yi masa addu'a a kai.

"Kwana huɗu takardar nan tana cikin aljihuna," ya ce. "Abin da zan iya shi ne in sa ranar barin aikinsa ta zama ƙarshen Yuni, ya cika shekara ashirin, ya fita a matsayin mai ritaya ba korarre ba. Wannan zan tsaya a kai."

Ta koma ta buga sunan. Haruffa biyar ne, ta ji kowane a yatsanta.

Ba ta faɗa wa 'yan zumunta ba, don amana ce. Suka ci gaba da ban ruwa, tana cikinsu, tana miƙa bokiti tana karɓa. Ugondo ya lura ta daina waƙa, ya tambaye ta sau ɗaya, ta ce gajiya ce.

Malam Ari da kansa ya je ya gaya wa Baba Akolo. Ranar Laraba ta ƙarshen Afrilu, tsutsar ta gama fita, Ugondo ya je ya ɗauko dattijon a kan tarakta, ya zaunar da shi a gefen kujera yana riƙe da shi da hannu ɗaya. Baba Akolo ya rame, yana dogara sanda. Ya bi layukan lemu a hankali, yana sunkuyawa, yana taɓa wurin ɗaurin da babban yatsa. A ƙarshen layi ya juyo.

"Kun cika musu ruwa," ya ce. "Lemu ba shinkafa ba ne."

Ugondo ne ya fara dariya, sauran suka bi. Suna cikin haka iska ta juya, gabas ta yi baƙi. Kafin su kai rumfa manyan ɗigo sun fara faɗuwa, samari biyu suka ɗaga Baba Akolo cak suka ruga da shi. Ruwan farko ne na shekarar, ya kuma zo da ƙarfinsa. Ƙarar kwano ta cika rumfar har mutum ba ya jin na kusa da shi. Iveren ta buɗe Littafi ta ga karatu ba zai yiwu ba, sai ta ɗaga hannu ta yi musu alama kowa ya yi addu'arsa. Ta ga bakin Ugondo a buɗe, jijiyar wuyansa ta tashi, amma ba ta jin komai. Ta ga leɓunan Baba Akolo suna motsi kaɗan-kaɗan, hannunsa ɗaya a kafaɗar Ugondo don ƙafar ba ta ɗaukarsa. Ita ma ta fara, da Tibi, yaren da ba ta taɓa addu'a da shi a rumfar nan ba. Ta faɗi zancen takardar, da haruffa biyar ɗin, da abin da ta kusa yi, da abin da ba ta iya yi ba. Feshin ruwa yana shigowa ta ƙofa yana sauka a ƙafafunsu. Ƙarfe biyu ta wuce, uku ta wuce, ba wanda ya zo kiran su.

Da ruwan ya tsagaita Baba Akolo ya gaya musu da bakinsa cewa zai tafi ƙarshen Yuni. Ɗaya daga cikin samarin ya fara faɗa, yana cewa ba adalci. Dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Matata shekara ashirin tana noma ita kaɗai a gindin dutse. Ta gaji da ganina sau biyu a shekara." Ya dubi Iveren. "Kai ka buga takardar?"

"Ni ce, Baba."

"Ka rubuta sunana daidai?"

"Daidai."

"To. Da can akawu yana sa mini Akwalo."

Watanni biyun da suka rage ya yi su yana zaune a kan kujera a bakin lambu, yana koya wa biyu daga cikin samarin yadda ake yanka da ɗauri. Ugondo ma yakan tsaya ya kalla, ko da yake hannunsa ya yi kauri da wannan aikin. Gangar ta dawo rumfa, amma sai an ji Musulmi sun sallame ake taɓa ta, minti biyar na ƙarshe. Baba Akolo bai taɓa cewa yana sonta ba.

Ranar tafiya, Malam Ari ya ba da motar ofis da dashen lemu ashirin, Ugondo ya tuƙa. Ya dawo da yamma takalmansa duk jar laka, ya tsaya a tagar Iveren.

"Mota ba ta kai gidan. Na ce in goya shi, ya ƙi. Da sandarsa ya hau, ni ina bayansa da kaya. Matarsa ta fito ta tsaya tana kallonsa, sai ta karɓi sandar ta ba shi kafaɗa." Ya ajiye ƙullin gyaɗa a kan teburinta. "Ta ce a kawo wa mai makulli."

Larabar da ta biyo, Iveren ta buɗe rumfa ta tarar da wata mata tsaye a bakin ƙofa, sabuwar lebura da aka turo daga wani lambun, 'yar ƙabilar Migili, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Wani ne ya nuna mata wurin. Iveren ta share mata benci ta zauna kusa da ita. Ta ce wa Ugondo ya ja taron yau. Ita kuwa ta ƙare lokacin tana koyon furta sunan matar, tana faɗa ana gyara mata, har matar ta rufe baki da gefen zane tana dariya.